Burodin da Aka Rataye Mana a Uskudar

Da aka gama jarrabawar zangon farko a ƙarshen Janairu, garin Konya na ƙasar Turkiyya, inda muke karatu, ya zama ba ya zaunuwa saboda sanyi, ɗakunan kwanan ɗalibai kuma sun watse, duk 'yan ƙasa sun tafi gidajen iyayensu. Mu da gida ya yi wa nisa sai muka ce bari mu leƙa Istanbul. Mu huɗu ne: ni, da wani ɗan Maraɗi mai karatun injiniya, da ɗan Gusau mai karatun haɗa magunguna, sai wani Basomale da muke ɗaki ɗaya. Muka yi karo-karo daga ɗan kuɗin tallafin karatu da ake ba mu duk wata, muka damƙa wa ɗan Maraɗi, don ya fi mu iya riƙon kuɗi.

Jirgin ƙasa mai gudu muka hau, wanda ya fara zirga-zirga tsakanin Konya da Istanbul tun ƙarshen 2014. A waya muka sayi tikiti, da rangwamen matasa, kowa da lambar kujerarsa. Lokacin da aka rubuta a tikiti shi ne lokacin da jirgi ya motsa, kuma cikin awa biyar muka sauka a ɓangaren Asiya na birnin. Babu wanda ya tare mu a bakin tasha ya ce tikiti ya ƙare amma akwai a hannunsa idan za mu ƙara wani abu. Ba sai na faɗa muku inda ake yin haka ba.

Masaukin da muka kama a gundumar Fatih, kusa da Aksaray, shi ya fara ɓata mana rai. Hotunan da suka sa a intanet daban, ɗakin daban. Gadaje ne masu hawa biyu, bargo na warin taba, na'urar ɗumama ɗaki kuma a kashe ta tsakar dare. Duk wannan da mun haƙura, don mun san abin da muka biya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mai karɓar baƙi ya yi da fasfonmu. Turawa biyu na gabanmu, ya duba nasu sau ɗaya ya miƙa musu makulli. Da ya zo kanmu sai ya shiga juya shafi, ya nemi katin izinin zama, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, sannan ya ce sai mun ajiye kuɗin jingina, idan za mu tafi a mayar mana. Muka ce waɗancan fa? Ya ɗaga kafaɗa. Dare ya yi, ana yayyafi, ba mu da inda za mu, dole muka cire kusan kashi ɗaya cikin uku na guzurinmu muka ba shi.

Washegari birnin ya wanke mana zuciya. Akwai wani kati da suke kira Istanbulkart, ka saye shi a na'ura ka zuba masa kuɗi. Da shi za ka hau bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da taragon da ke ratsa tsakiyar titi ta Sultanahmet zuwa Eminonu, da jirgin Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku tun 2013, da jirgin ruwa, har banɗakin gwamnati da shi ake shiga. Ba rigimar canji, ba kwandasta mai zagin uwar mutum, ba a ƙara kuɗi don hadari ya haɗo. Jirgin ruwan nan da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Eminonu zuwa unguwannin Uskudar ko Kadikoy a ɓangaren Asiya, ma'aikata ne ke hawansa zuwa aiki, amma ga ɗalibi shi ne yawon buɗe ido mafi araha a garin. Ka zauna a ciki da ɗumi, a kawo maka shayi a ƙaramin kofin gilashi, kana kallon hasumiyoyin masallatai ta kowane gefe. Mun yi sallar la'asar a Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci daga gidan tarihi a 2020; mai yawon kallo daga waje Yuro 25 yake biya tun farkon 2024 ya hau bene, mai salla kuwa ba a karɓar masa komai. Mun je masallacin Sulaimaniyya, mun ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari a unguwar Eyup, duk ba sisi. A Laleli muka ji Hausa na tashi daga shagunan abaya da takalma, 'yan kasuwar Kano da Agadas na ciniki ana ɗaure musu kaya. Ɗan Gusau ya tsaya gaisawa da wani dattijo har sai da muka ja shi.

Daren nan ne aka yi mana yankan da ya ƙarasa mu. Wani gidan abinci a bayan Sultanahmet, mai kiran mutane a bakin ƙofa ya tare mu da sallama da larabci, yana cewa 'yan'uwa Musulmi akwai rangwame. Muka duba farashin da aka liƙa, muka ga za mu iya. Muna zama aka jere mana ƙananan faranti na zaitun da cuku da ganye, da ruwan gora, ba mu nema ba. A Konya irin wannan sau da yawa kyauta ce ta mai gida. Da takardar kuɗi ta zo, kowane faranti da farashinsa, ga kuɗin zama a tebur, ga kuɗin hidima, jimilla ta ninka abin da muka lissafa. Muka yi magana da Turkancin da muka iya, sai mutumin da ya kira mu 'yan'uwa ɗazu ya daina jin kowane yare. Muka biya.

Ɗan Maraɗi ya zauna a bakin gado ya yi lissafi. Tikitin komawa na hannu, katin hawa mota da ɗan saura, amma kuɗin abinci har ranar da za a mayar mana da jingina bai fi na cin mutum ɗaya ba. Muka ce to, burodi da shayi, rana kuma mu nemi gidan abincin hukumar birni, waɗanda suke kira Kent Lokantasi. An fara buɗe su a 2022, a kan Lira 29 a lokacin, a ba ka miya da abinci da shinkafa ko taliya da ɗan abin zaƙi. Layinsu dogo ne, yawanci tsofaffi 'yan fansho da ɗalibai, kuma ba wanda ke tsallake wani.

Da safe muka tsallaka Uskudar, muka shiga wani ƙaramin gidan burodi a wani lungu mai hawa. Ɗan Maraɗi ya zazzage tsabar da ke aljihunsa a tafin hannu yana ƙirgawa, muna shawara da Hausa ko biyu za mu saya ko uku. Mai burodin dattijo ne mai furfura, hannunsa duk gari. Bai tambaye mu daga ina muke ba, abin da kowa ke fara tambayarmu a ƙasar nan. Ya sa biyu a leda ya karɓi kuɗinsu. Sannan ya juya ya ciro wata leda da ke rataye a ƙugiya kusa da ƙofa, da burodi biyu a ciki, ya haɗa mana, ya goge lamba a wani ɗan allo da ke jikin bango ya rubuta wadda ke ƙasa da ita. Na ce masa baba, ba mu biya waɗannan ba. Ya ce, "An riga an biya, ɗana. Allah ya sa ya zame muku lafiya." Ya juya ga matar da ke bayanmu.

Na daɗe ina ganin allon nan a gidajen burodi na Konya, an rubuta askida ekmek, wato burodin da aka rataye, da lamba a gefe, kuma na san yadda abin yake. Mutum ya zo sayen burodi ɗaya sai ya biya kuɗin biyu, a rataye ɗayan ko a ƙara a lissafin allo. Wanda ba shi da shi ya zo ya tambaya ko akwai na rataye, a miƙa masa. Mai bayarwa ya riga ya tafi, mai karɓa bai san shi ba, mai burodi kuma ba ya tambayar dalili. Amma sanin abu daga nesa daban ne da ranar da ya faɗo kanka. Muna tsaye a bakin teku muna cin burodin da zafinsa, ba wanda ya ce uffan. Abin da ya riƙe ni shi ne ba a sa mun sunkuyar da kai ba. Matar da ke bayanmu ma ban jin ta lura da abin da ya faru.

Kuma abin ba a kan burodi ya tsaya ba. A 2020, lokacin kullen korona, hukumar birnin Istanbul ta ɗauki wannan al'ada ta kai ta intanet: iyalin da suka kasa biyan kuɗin ruwa ko na iskar gas su rataye takardarsu a shafi, wani daga ko'ina ya shiga ya biya, ba su san shi ba, bai san su ba. A watan azumi akwai masu shiga kantin unguwar da ba tasu ba, su ce a buɗe littafin bashi, su biya wasu shafuka a yage, su fita. Tun zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa suna da dutsen sadaka, kamar turmi dogo siriri da ɗan rami a samansa, ana kafa shi a gefen masallaci ko maƙabarta. Mai hali ya zo da dare ya sa kuɗi, mabuƙaci ya zo ya ɗauki daidai buƙatarsa ya bar saura. Har yau akwai ragowar irin duwatsun a tsaye a wasu unguwanni, ciki har da Uskudar ɗin.

To mu fa? Wallahi 'yan'uwa abin da muke yi da sunan taimako ya isa mu ji kunya. A tara zawarawa da marayu a rana tun hantsi, a jera su, a ɗora wa kowa ƙullin shinkafa a ka, a ce ya kalli kyamara. Buhun ma da hoton mai bayarwa a jiki. Kafin tsohuwa ta isa gida 'yan unguwarsu sun gan ta a Facebook. Mara lafiya na kwance a asibiti, sai an yaye masa zane an ɗauki bidiyon ciwonsa kafin a tara masa kuɗin magani. A azumin 2024 mata suka mutu a turmutsitsin rabon zakka a Bauchi, a ƙarshen shekarar kuma aka sake yin irinsa a Ibadan da Abuja da Okija. Mutum ya fito neman abin da zai dafa wa 'ya'yansa a kai gawarsa gida. Kuma mu ne muka haddace ayar Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, mu ne ke karanta hadisin wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Karatun na bakinmu, aikin na gidan burodin wasu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Na tashi na ga ciyayya. Da magariba mahaifiyata za ta zuba tuwo a kwanuka ta rufe da faifai, ta aike mu gidaje. Akwai gidan da kullum kwanonsu ya fi cika, kuma abin da ke dawowa daga can ɗan kaɗan ne, wani lokaci kwanon wankakke kawai. Sai da na girma na gane mai gidan ya daɗe ba ya aiki. Ba ta taɓa faɗa ba, kuma da yake kowane gida ana kai wa, ba wanda zai nuna nasu ya ce sadaka ce. Ga randar ruwan sanyi da ake ajiyewa a ƙofar gida da moɗa a kai, mai wucewa ya sha ya tafi ba tare da ya ga mai gidan ba. Ga ƙosan sadaka na ranar Juma'a. A bakin tekun nan, da gayan burodi ba ko yaji, tuwon Inna da miyar kuka kawai nake tunawa, da yadda muka bar wannan tarbiyya ta zube muka ɗauki ta masu kyamara.

Kada wani ya ce na mayar da Turkawa waliyyai. Garin da aka rataye mana burodi shi ne garin da aka yanke mu a gidan abinci, kuma da muka zo tafiya sai da muka yi kusan faɗa kafin mai masauki ya dawo da jinginarmu, yana neman ya cire kuɗin tawul. Ana kallonmu a jirgi har mutum ya tsargu, yara na nuna mu, wasu su ɗauke ka hoto ba izini. Hayaƙin taba ko'ina. Direban tasi ya ji inda za ka ya ga kusa ne ya ja motarsa. Tsadar rayuwa kuma ta gasa su: a Oktoban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a lissafin gwamnati, shi ya sa layin burodin hukuma mai rahusa ke tsawo, shi ya sa ma allon rataye ke saurin komawa sifili a wasu unguwanni. Suna da mayaudara kamar yadda muke da su. Sai dai sun bar wa talaka wata ƙofa da zai shiga ya fita da mutuncinsa.

Da muka koma Konya na kira yayana na ba shi labari, na ce ya gwada a wurin mai shayin bakin layinmu, inda almajirai da 'yan ga-ruwa ke tsayawa da safe suna kallon masu ci. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka daɗe ba ka gida. Wa zai hana mai shayin ya cinye kuɗin? Kuma ranar da aka ji labari, masu babura ne za su fara zuwa karɓa." Na ce Yaya, mutumin nan shekara nawa kuna ajiye adashi a hannunsa, ya taɓa cin na wani? Wanda kuma ya zo ya karɓa alhali yana da shi, tsakaninsa da Allah, burodi ɗaya ne. Muka ja maganar har katina ya kusa ƙarewa. A ƙarshe ya ce zai yi wa mai shayin magana bayan sallar isha'i, amma da sharaɗin ba za a sa allo ba, a bar lissafin a littafin mai shayi, kuma in fara turo kuɗin burodi goma daga tallafin watan gobe.