Na shiga cikin HMS Victory a Portsmouth, ga yadda na gan shi

Ranar asabar ɗin da ta wuce ni da wani ɗan'uwa da muke karatu tare muka hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa Portsmouth, kana sauka tashar Portsmouth Harbour ƙofar wajen da aka ajiye Victory ɗin na nan kusa, ko tasi ba ka buƙata. Abin da ya kai ni shi ne HMS Victory, jirgin yaƙin Ingila na katako zalla wanda aka fara ƙerawa a Chatham a 1759 aka saka shi ruwa a 1765. Itatuwa kusan 6000 aka sare saboda shi kaɗai, kuma wai har yau yana cikin lissafin jiragen sojan ruwan ƙasar, ba a sallame shi ba.

Da farko dai na so in gan shi tsaye da dogayen sandunansa kamar a hoto, sai muka tarar ana babban gyara, an rufe wani sashe da ƙarafa da rumfa. Amma da na ga inda ruwan sama da wani ƙwaro mai cin katako irin gararmu suka rarake jikinsa, sai na ce gyaran nan dole ne.

Ciki ne fa abin yake. Kana sauka bene na ƙasa rufin na ƙara matsowa, dogon mutum sai ya sunkuya, ga duhu ga warin tsohon katako da kwalta, igwa a jere dama da hagu, jirgin na ɗaukar 104. Mutum wajen 820 ne a cikinsa ranar yaƙin Trafalgar da Ingila ta gwabza a teku da Faransa da Sifen, 21 ga Oktoba 1805, kuma a tsakanin igwogin nan suke cin abinci, nan suke rataya tamfol ɗin kwanciya kowa faɗin inci 14 kacal. Na gwada da hannuna wallahi ko kafaɗuna ba su shiga ba, na tsaya shiru ina tunanin wata da watanni a teku haka, har da yara ƙanana masu kai albarushi a guje.

A bene na sama akwai ɗan ƙarfen tagulla a daɓe daidai inda harbin wani sojan Faransa daga jirgin Redoutable ya kada Nelson, kwamandan rundunar jiragen Ingila a yaƙin, sannan can ƙasa inda likita ke aiki suka nuna mana wajen da ya cika. Gawarsa a gangar giya aka saka don kar ta lalace kafin a kai gida. Kowa hoton wajen Nelson yake ɗauka, ni kuwa hankalina na kan sauran 56 ɗin da suka mutu a jirgin ranar, waɗanda ba kowa ya san sunansu ba.

Bayan yaƙe-yaƙe ya daɗe a ɗaure a bakin tashar yana ruɓewa, sai 1922 aka shigar da shi busasshen ramin da yake ciki yanzu, a 1941 ma bom ɗin Jamus ya taɓa shi.

Tikitin ba arha ba ne ga ɗalibi amma ban yi da-na-sani ba ko kaɗan. In za ka je ka sa takalmi mara santsi don matakalan a tsaye suke, kuma ka tafi da wuri, mu yamma ta yi mana ba mu samu shiga gidan tarihin Mary Rose, wani tsohon jirgin yaƙin da ke wajen, ba sai wani zuwan in Allah ya kai mu.