Cinikin Corolla 'yar Beljiyam a filin motoci a Kano: inda ragi yake da inda babu

Wannan sharhi ne a kan cinikin Toyota Corolla ƙirar 2010, mai inji 1.8 da giya mai canja kanta, irin wadda ake kira Beljiyam ko da daga Amurka aka ɗauko ta, a wani babban filin sayar da motoci a Kano. Motar ta yi, ban da ƙorafi a kanta. Masu filin suna da haƙuri da mai saye, ba su hana a duba ba, ba su hana a zagaya da ita ba. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne yadda suke yi wa mota kuɗi: farashin a lulluɓe yake, kuma wanda ya shiga da baki kawai zai biya ribar mutum biyu ko uku da bai ma san da su ba.

Kafin a zo maganar nawa ce, a fara da maganar ta wane ce. Ba duk motar da ke cikin fili ce ta mai filin ba. Wasu nasa ne da ya yi oda, wasu ajiya ce, wani ne ya kawo a sayar masa, wasu kuma an aro su daga wani filin don a cika ido. Yaron da zai tare ka a bakin ƙofa yana cewa "Yallaɓai, wacce iri ake so?" yawanci dillali ne, kuma kuɗin da zai faɗa akwai nasa a kai. Shi ya sa za ka ga mota ɗaya a Facebook da shafin saye da sayarwa na Jiji da WhatsApp, hoto iri ɗaya, mutum biyar sun ɗora ta da farashi biyar. Dillanci sana'a ce ta halal, kuma dillalin kirki yana rage wa mutum wahala. Matsalar ita ce a karɓi la'ada a hannunka, a kuma ɗora wani abu a ɓoye a kan kuɗin motar. Maganinta tambaya ce cikin ladabi: "Alhaji, motar nan taka ce ko ajiya ce?" In ajiya ce, a kira mai ita a waya kana ji. La'ada kuma a yanke ta tun kafin a fara tayi: nawa ce, wa zai biya, mutum nawa ne a cikinta. In ka bari sai an sallama, mutanen da ba ka gani ba tun safe za su fito kowa da hannunsa.

Masu saye da yawa suna ɓata cinikinsu tun a tayin farko. Mota ba atamfa ba ce a Kantin Kwari da za a yi mata kuɗi ka taya rabi. Uwar kuɗinta a bayyane take ga duk wanda ya san harkar: kuɗin gwanjo a Amurka da dala, kuɗin jirgi zuwa Legas, kuɗin kwastan, kuɗin wakilin da ya fito da ita, kuɗin tirelar da ta kawo ta Kano, sai gyara da fenti. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya toshe tsohuwar hanyar Kwatano. A 2022 Kwastan suka koma ƙiyasta darajar mota ta lambar shasi, a shekarar kuma aka tsayar da haraji kashi 20 da ƙarin kashi 15 na hukumar kula da harkar motoci a kan motocin hannu, ban da harajin VAT na kashi 7.5. Da aka saki Naira a Yunin 2023 sai duk wannan lissafin ya tashi tare da dala. Mai fili ba kuɗin da ya kashe a bara yake kallo ba, kuɗin da zai maido da irinta yau yake kallo. In ka taya rabi zai ce maka "albarka" ya juya ga wani, kuma ko ka dawo ba zai ƙara ɗaukarka da muhimmanci ba. A ganina tayin farko ya tsaya wajen kashi 15 ƙasa da abin da aka faɗa, bayan ka riga ka ji kuɗin irinta a fili uku ko huɗu.

Ragi na gaske daga jikin motar yake fitowa, don haka a nan ya kamata mutum ya ɓata lokacinsa. Fara da lambar shasi, mai harufa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma kan takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba, kuma dole su zo ɗaya. Na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Wannan yana da muhimmanci a Corolla, domin an saba canja wa ta 2009 da 2010 bamba da fitilu ta koma kamannin ta 2011 zuwa 2013, a sayar da ita a kuɗin sabon yayi. Sannan ka rubuta lambar a Google. Da yawa daga cikin motocin nan daga gwanjon kamfanonin Copart da IAAI na Amurka suka fito, kuma hotunansu na ranar gwanjo sukan kasance a intanet: inda ta bugu, ko jakar iska ta fashe, da nisan tafiyar da ke kan agogonta a lokacin. In hoton ya nuna mil 190,000 amma yau agogo na nuna 95,000, an juya shi. A kuma tuna mil ake ƙirgawa a motar Amurka, kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Rahoton Carfax, mai nuna tarihin mota, da kuɗi ake cire shi, amma bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin mota.

Je da safe, ka roƙi kada a tayar da ita kafin ka zo. Taɓa inji ka ji ko da ɗumi. Inji mai sanyi ne yake faɗin gaskiya: ƙarar ƙarfe a daƙiƙun farko, shuɗin hayaƙi a salansa, ko rawa in tana tsaye. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri a ƙarƙashinsa, ana zargin ruwa na haɗuwa da mai, a duba gaskit. A injin Corolla na waɗannan shekarun a leƙa famfon ruwa, in yana yoyo yakan bar busasshen tabo ruwan hoda a gefensa. Man giya ya zama ja ko ja mai ɗan duhu, ba baƙi mai warin ƙuna ba. Ka taka burki ka sa giyar baya, ka dawo ta gaba, ka ji ko tana jinkiri ko tana bugawa. Sannan a hau titi mai tsawo da esi a kunne har ta shiga giya ta huɗu, a bi ta hanya mai gargada a saurari ƙafa. Zagaye cikin fili ba gwaji ba ne.

Na'urar binciken kwamfuta ta zama dole, ana jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Kada a tsaya ga cewa ba ta nuna matsala ba, domin ana goge matsalar da safe kafin mai saye ya iso. Mai na'urar ya duba ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala. In duk ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir. Lambar P0420 tana nuni ga matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, kuma an saba sace abin cikinta a hanya saboda tsadarsa. Fitilar jakar iska ta kama in an murza makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kama sam ba, wataƙila an cire ƙwanta. Motar da ruwa ya ci kuwa ba ta da ciniki, komai arharta. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko da tabon laka, ɗaga kafet, duba ramin safaya da ƙarafan da kujeru ke tafiya a kai. Wutar irin wannan mota ba ta gama gyaruwa.

A wannan motar, inji da giya da takardu lafiya lau. Abin da ya fito: maganaɗisu ya ƙi kamawa sosai a fenda ta hagu, alamar an cika foti an yi fenti, shakzoba biyu na gaba sun jiƙe da mai, tayoyi huɗu duk sun tsufa. Shekarun taya a jikinta suke, lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Waɗannan su ne kayan cinikin. A rubuta su a takarda, a kira mai kayan gyara a Ƙofar Ruwa a gaban mai fili a ji kuɗin kowanne, a haɗa da kuɗin aiki. A ce, misali, an yi wa mota Naira miliyan 10, irinta a wasu filayen tana miliyan 9.5, gyaran kuma ya kama 600,000. Tayinka miliyan 8.5, inda kake son tsayawa 8.9, kuma kana da hujjar kowane dubu ɗari. A nan dole in yaba wa masu filin: da aka nuna musu aibi ba su yi gardama ba, sun cire kuɗinsa. Wani lokaci mai fili zai ce shi zai gyara maimakon ragi. Ban ba da shawarar yarda ba. Zai sa mafi araha a kasuwa, kuma tayoyin da zai kawo 'yan gwanjo ne.

Akwai maganganun da za ka ji a kowane fili. "Jiya wani Alhaji ya taya ta sama da haka ban sallama ba." "Dala ta tashi." "Wallahi ban ci komai a kai ba." Kada ka ƙaryata mutum a gaban yaransa, ciniki zai koma rigima. Ka ce "Allah ya kawo kasuwa, Alhaji, ni dai ga inda ƙarfina ya kai," ka bar lambar waya ka tafi. In tayinka yana kusa da gaskiya za a kira ka kafin kwana biyu. Kada ka faɗi iya kuɗin da ke hannunka, kada ka nuna motar ta shiga ranka, kada kuma ka ƙara wa kanka kuɗi sau biyu a jere shi bai sauko ba. Motar da ƙura ta rufe, batirinta ya mutu, tayarta ta sace, ta daɗe a ajiye kuma mai ita ya ƙosa. Haka wanda ke da wasu motocin a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas suna jiran kuɗin kwastan, kullum kuɗin ajiya na hawa masa, ya fi saurin sallamawa. Gab da Sallah kuwa masu saye sun yi yawa, ba a cika sassautawa ba.

Makanike naka ne za ka zo da shi, ba wanda fili ya kira ba, kuma ka biya shi ladansa tun daga gida ko an saya ko ba a saya ba. Makaniken da ya san sai an yi ciniki zai samu, yana iya ganin aibi ya yi shiru. In da tsohuwar mota ka zo za ka yi canji da ciko, a gama cinikin sabuwar tukuna, sannan a yi wa taka kuɗi daban. In aka haɗa su, abin da aka rage maka can za a cire a nan.

Takardun kwastan ba a ciniki a kansu. A ga takardar bayanin kaya ta SGD da lambarta, takardar ƙiyasi, rasitin banki da takardar fita daga tasha, lambar shasi ta zo daidai a kowacce, shekarar ƙira ma haka. Ana biyan harajin mota a matsayin tsohuwar ƙira don a rage kuɗi, ana kuma buga takardun bogi. A kai su ofishin Kwastan a tantance kafin a biya. Motar da ta fi sauran araha da miliyan guda babu dalili, galibi a nan matsalarta take, kuma jami'an sintirin Kwastan na shiyya ta B da ke Kaduna ba mai filin za su tare a hanya ba, wanda ke tuƙi za su tare. In za a ba da kafin alƙalami a riƙe maka mota, a rubuta cewa za a maido da shi in takardu ko inji suka ba da matsala.

Biya ta banki, zuwa asusun da sunansa ya zo ɗaya da na kan rasit. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan abin da ya haura Naira miliyan 5 hannu da hannu. Rasit ya ɗauki lambar shasi, lambar inji, launi, kuɗin da aka biya na gaskiya da sa hannun shaidu biyu. A kuma ware kuɗin da ke biyo baya tun kafin tayi: lamba da rajista, inshora mafi ƙanƙanta da ta koma Naira 15,000 tun Janairun 2023, la'ada, ɗan abin da za a ba yaran fili, da juyen baƙin mai da matatarsa a ranar farko.

Babban rauni a wannan filin shi ne rashin lamuni bayan ciniki. Ƙa'idarsu ita ce da mota ta fita ƙofa magana ta ƙare. Sai an matsa suke yarda da wa'adin kwana uku zuwa bakwai a kan inji da giya kawai, kuma in ba a rubuta a bayan rasit ba, babu shi. Na fi ganin amfanin wannan wa'adin a kan ragin dubu hamsin na ƙarshe da ake tsayawa ja-in-ja a kai. In motar za ta kwana a fili bayan an biya, a ɗauki hoton batir, tayoyi huɗu da safaya, jak, rediyo da agogon tafiya, ranar ɗauka kuma a gwada su da hoton ɗaya bayan ɗaya, a karɓi makulli na biyu kafin a fita.