Na'urar gwada daimon ta Diamond Selector II: abin da take iyawa da inda take ruɗar mutum

A 1867, kusa da Hopetown a Afirka ta Kudu, wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Erasmus Jacobs ya tsinci dutse mai ƙyalli, yara suka maishe shi abin wasa. Sai da aka aika wa Dakta Atherstone a Grahamstown kafin aka gane daimon ne mai nauyin karat 21.25. Gwamnan yankin ya saye shi fam 500, aka yanka ya koma karat 10.73, yau yana gidan tarihi na Kimberley da sunan Eureka. Irin wannan labari ke sa mutum ya ƙullo tsakuwa a leda ya nufo maƙeran zinare a Sabon Gari, kuma yawanci wannan na'ura ake fara ɗora mata.

Batir 9V take ci. A kunna, a jira kamar daƙiƙa 30 tsininta ya ɗauki zafi. Yatsa ya taɓa ƙarfen bayanta, tsinin ya sauka a tsaye kan dutsen da aka goge tas. Saurin da dutse ke janye zafi take aunawa, shi ya sa fitilunta 12 ke hawa har ja, ta yi kuka, idan daimon ne. Kwalba da farin dutse ba sa kai ta ga ja. Nan kam ta biya kuɗinta.

Matsalar tana wajen saiti. Babban dutse sai an rage lambar fitilar da za ta fara daga kai, ƙarami a ƙara. Da sanyin hunturu dutse kan janye zafi fiye da ƙima, har safaya, wani dutse mai daraja, irin ta Jema'a ta tura fitilu sama; a bar shi a ɗaki ya saki sanyin tukuna, a kashe fanka. Batir mai rauni ma ƙarya yake sa ta. Moisanait kuwa, dutse mai kama da daimon da ake haɗawa a masana'anta, ya fi ƙarfinta ƙwarai, daimon za ta ce.

Ga maƙeri mai tantance zobba tana da amfani. Mai ɗanyen dutse kada ya yi ciniki a kan kukanta kawai. Ya auna nauyin dutsen a sarari da cikin ruwa, ya raba nauyin sarari da bambancin biyun: daimon 3.52 yake bayarwa, moisanait 3.2, safaya wajen 4. In lissafi ya yi kusa, sai ya nemi masana duwatsu na ABU a Samaru su duba.