Daga Guangzhou zuwa ga ɗaliban kasuwanci masu shirin zuwa ƙasar Sin

Ƙannena masu shirin zuwa ziyarar karatu, ana gaishe ku daga Guangzhou. Na san farashin kaya kuka fi son ji, amma a fara da waya, domin a nan ita ce jakar kuɗi, ita ce tafinta. A gida mai POS ne ke fid da mutum kunya. A nan hatta mai sayar da lemo a bakin titi lambar QR yake nuna maka, ka biya da Alipay ko WeChat Pay. Takardar kuɗi tana aiki, sai dai canji ne ke wuya. Ku sauke manhajojin biyu tun kuna gida, ku haɗa su da katin Visa ko Mastercard, ku tantance da fasfo. In ciniki ya haura yuan 200 da katin waje, ana cire kashi 3 cikin ɗari. WhatsApp, Facebook, Gmail da taswirar Google duk ba sa buɗewa da intanet ɗin ƙasar, don haka wanda ya ajiye tikitinsa da adireshin otal a Gmail zai tsaya cirko-cirko a filin jirgi. Ku buga su a takarda, adireshin kuma da rubutun Sinanci, don direba ba zai karanta boko ba.

Bizar ziyarar karatu ita ce F, ta kasuwanci M, ta ɗan gajeren kwas X2. Doka ta ce baƙo ya yi rajista da 'yan sanda cikin awa 24. Otal kan yi wa mutum, amma wanda ya sauka gidan ɗan'uwa shi zai kai kansa. Soket ɗinsu ba ya karɓar filogi mai ƙafa uku irin namu, sai da adafta. Fawa-bank kuwa, tun Yunin 2025 ba a shiga jirgin sama na cikin gida da wanda ba shi da tambarin 3C, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar Sin.

Yanzu kaya. Abin da muke kira "ɗan Caina" a Kantin Kwari ko Farm Centre, muna nufin mai saurin lalacewa, ba gazawar masana'anta ba ce. Injin ɗaya kan fitar da caja kala uku: mai wayar tagulla zalla, mai gauraye da alminiyom, da wadda fankon ne kawai ya yi kyau. Kuɗinka ya gaya maka wacce za ka samu. Shi ya sa tayi irin na Kwari, a raba farashi biyu sannan a fara magana, yake cutar da mai saye a nan. Basine ba zai ce maka albarka ba. Zai ce to, sannan ya rage kaurin roba, ko nauyin yadi, ko ƙarfin batir, har lissafinsa ya fita. Araha ba ta ado. Maganin abin shi ne a rubuta komai: giram nawa a kowace murabba'in mita, zare nawa, guda nawa a katan. A karɓi samfur biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. Al'adar biya ita ce kafin alƙalami kashi 30, ragowar 70 bayan an duba kaya kafin lodi, kuma a tura kuɗin asusun kamfanin da sunansa ke kan lasisi, ba asusun wani yaron shago ba.

Kasuwannin ma ba ɗaya ba ne. Baje kolin Canton, wanda aka fara a 1957, ana yin sa sau biyu a shekara a unguwar Pazhou da ke nan Guangzhou, Afrilu da Oktoba, zango uku: lantarki da injuna a na farko, tufafi da takalma a na uku. Can masu masana'anta ne, maganarsu ta kwantena ce. Yiwu a lardin Zhejiang ta ƙananan kaya ce, shaguna sama da 70,000, ana sayar da katan-katan. Huaqiangbei a Shenzhen ta waya da kayan gyaranta ce, kuma kusan rabin awa ce daga Guangzhou a jirgin ƙasa mai gudu, inda fasfo shi ne tikiti. Ku koyi lissafin CBM, wato ma'aunin wurin da kaya ke ci a kwantena (tsawo sau faɗi sau tsayi, da mita), kafin ku zo: kwantena mai ƙafa 20 kan ɗauki wajen 28, doguwar mai ƙafa 40 wajen 68. Kaya mai araha amma mai cin wuri, kamar bokitin roba, kuɗin jirgin ruwa da na kwastan ne ke cinye ribarsa.

Lissafinsu yana da tarko. Suna ƙirga da "wan", wato dubu goma, sai tafinta ya ɓatar da sifili guda. In kun ga 8 a allon rangwame, ba kashi 8 aka rage ba, kashi 80 za ku biya. Ku riƙa miƙa kalkuleta, kowa ya danna adadin da idonsa.

Wajen mu'amala, Bahaushe ba zai sha wahala ba, don abin da suke kira "mianzi" shi ne mutunci. Kada ka kwance wa mutum zani a gaban yaransa. In kaya sun ɓaci, a ja shi gefe. Katin kasuwanci da hannu biyu ake karɓa, a karanta kafin a ajiye. Sunan dangi ke zuwa farko. Ba a ba da kyautar agogon bango, ba a son lamba 4, ana ƙaunar 8. In an zuba maka shayi a Guangdong, lardin da Guangzhou take, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu godiya ce. A liyafa za a kawo giyar baijiu. Ku faɗa tun farko cewa addini ya hana, ku ɗaga kofin shayi, ba mai jin haushi.

Abincin halal akwai: ku nemi alamar 清真, yawanci a koren allo, musamman shagunan taliyar Lanzhou da unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka taru. Ana Juma'a a masallacin Xianxian. Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa. Kuma ku gaya wa malaminku kada ya sa tafiyar a makon farko na Oktoba ko lokacin sabuwar shekararsu, ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, don masana'antu a kulle za ku same su.