Injin ƙaramin jirgin haɗin gida: wanne za ka saya, kuma in ya mutu a sama fa?

A Oshkosh ta Amurka, inda masu haɗa ƙananan jirage a garejinsu ke taruwa kowace shekara, gardamar inji ba ta ƙarewa. Mai kuɗi a hannu dai zaɓi uku ne a gabansa.

Lycoming O-320 tsohon hannu ne. Ƙarfin doki 150 zuwa 160, iska ke sanyaya shi, kuma magneto biyu, wato ƙananan janareto da injin ke juyawa da kansa, ke ba fulogi wuta, don haka ko batir ya mutu yana ci gaba da aiki. Akan kwance shi a yi masa garambawul bayan awa 2,000. Danginsa ne ke cikin Air Beetle, jirgin koyon tuƙin da aka haɗa wa sojin saman Najeriya a Kaduna. Aibinsa nauyi, ƙanƙara a kafireta, da kuma avgas, fetur na musamman na ƙananan jirage, mai wuyar samu a yankinmu.

Rotax 912 ULS na ƙasar Ostiriya doki 100 ne, ba nauyi, yana shan fetur ɗin mota mai kyau. Sai dai yana da lagireto, da giya tsakaninsa da farfela, da kafireta biyu da dole a riƙa daidaita su. Robobinsa duk shekara biyar ake sauyawa, mai ƙyuya kada ya saya.

Na uku injin mota, Volkswagen ko Subaru, da aka mayar na jirgi. Araha ce, amma araha ba ta ado. Ni dai ba zan ba sabon shiga shawararsa ba, domin galibi wutarsa da famfon mansa a kan batir suka dogara. Hukumar FAA mai kula da jiragen sama a Amurka ma takan sa jirgi mai injin da ba ta tantance ba ya yi awa 40 na gwaji maimakon 25.

Amma sau da yawa in inji ya mutu a sama, lafiyarsa ƙalau, mai ne bai kai gare shi ba. Jirgin Long-EZ da ya faɗa teku da mawaƙin Amurka John Denver a 1997, makunnin sauya tankinsa a bayan kafaɗar hagu magininsa ya sa shi. Saboda haka kafin ka biya, shiga ka zauna, ka ɗaura bel, ka miƙa hannu ka ga ko za ka taɓa makunnin ba tare da ka juya jiki ba. Ka kuma nemi takardar gwajin kwararar mai.

Sai ka tambayi gudun da jirgin ke sauka da shi. Zenith CH 701 yana iya riƙe kansa a iska a wajen kilomita 50 cikin awa, Lancair IV kuwa sai ya haura 100. Gudu in ya ninka biyu, ƙarfin karo ninki huɗu yake yi. Ranar da farfela ta tsaya cak, gona ce kawai a ƙasanka, na farkon ɗan fili ya ishe shi, na biyun kuwa sai kunya-kunyai sun karɓe shi da gudun mota a babbar hanya.