Wasiƙa daga Hustan: ruwan famfo da filin maƙwabcina

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. A gaishe min da Inna, a ce mata maganin ƙafar yana hanya.

Ka tambaye ni ko gaskiya ne a nan ba a ɗauke ruwa. Gaskiya ne. Tun da na tare a wannan unguwa ta bayan garin Hustan, a jihar Tekzas, ban taɓa murɗa famfo ya yi min tari ba. Babu 'yan ga-ruwa, babu mai haƙa burtsatse a tsakar gida, babu shadda. Ruwan wanka da na ban-ɗaki duk bututu ne ke kwashe su ta ƙarƙashin ƙasa zuwa inda ake tace su. Amma kada ka ɗauka kyauta ne. Unguwarmu tana da 'yar hukumarta ta ruwa, a nan ana ce mata MUD, mutum biyar muke zaɓa su riƙe ta. Ita ta ciwo bashi ta shimfiɗa bututun, mu kuma muna biya ta harajin gida duk shekara, ban da kuɗin wata. Harajin nan yana da ciwo, wallahi.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne abin da ya sami wani dattijo maƙwabcina mai kiwon dawaki. Hukumar tana son ratsa bututun ƙazanta ta gefen filinsa, shi kuma ya ce a kai kasuwa. Ashe doka ta ba 'yar hukumar nan ikon karɓa ko mai fili bai yarda ba, muddin aikin na jama'a ne. Da na ji haka sai gabana ya faɗi, na tuna yadda aka karɓe gonar Baba.

Sai dai hanyar ta bambanta. Tsarin mulkin Amurka ya ce ba a karɓar dukiyar mutum don amfanin jama'a sai da diyya ta adalci, kuma diyyar ta haɗa da ƙasar kanta. A dokar Tekzas kuma, dole hukumar ta fara aiko wa mai fili da tayi a rubuce, bayan aƙalla kwana 30 ta kawo tayin ƙarshe tare da takardar mai ƙiyasta kuɗin fili. Da ya ƙi, alƙali ya naɗa masu filaye uku na yankin su yanke kuɗin. In bai gamsu ba, kotu a buɗe take. Mutanen Tekzas sun ƙara tsananta dokar ne bayan shari'ar Kelo ta 2005, wadda Kotun Ƙoli ta yarda gari ya karɓi gidajen mutane don 'yan kasuwa su yi gini. Abin ya fusata jama'a ƙwarai.

Ka tuna mu a Najeriya, a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna. Mangwaro da ɗorawa da rumbu kawai aka ƙirga wa Baba, kuɗin ma sai da ya gaji da zarya.

Dattijon ya samu ƙari, amma har yau ransa a ɓace yake, don ba zai iya gini a kan layin bututun ba. Ina fahimtarsa, ko da yake ta nan ruwan gidana ke fita.

Don Allah ka duba min ko takardar filin Baba na gabas tana wurin Kawu, ka ɗauko hotonta ka turo min ta WhatsApp.

Ƙaninka.