Dillalin gidajen haya a Sakkwato: yadda na ga aikinsa kafin takardar canjin wurin aiki ta fito

Akwai wani ƙaramin ofishin dillancin gidajen haya a Sakkwato da yake karɓar irinmu, ma'aikatan da aka yi wa albishir da canjin wurin aiki amma takarda ba ta fito ba tukuna, waɗanda suke son su san garin kafin su kwaso iyali. Ba zan kama sunan ofishin ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma ƙorafi. Tsarinsu shi ne mutum ya biya kuɗin zagaye, dillali ya ɗauke shi a mota ya nuna masa unguwanni da gidajen da ke hannunsu, la'ada kuwa sai ranar da aka kama gida.

Dattijon da aka haɗa ni da shi bai fara da nuna mini hotuna ba. Ya tambaye ni inda ofishinmu yake, da yawan yarana da shekarunsu, da ko maiɗakina tana fita aiki, sannan ya tambayi ko ina da mota ko kabu-kabu zan riƙa hawa. Da na ce masa aikin yana wajen titin Ahmadu Bello, nan take ya cire Kalambaina daga lissafi, ya ce wannan ɓangaren ya fi dacewa da ma'aikatan masana'antar siminti da masu harka ta hanyar Wamakko. Ya rage wa kansa gidajen da zai iya tallata mini tun kafin mu tashi, kuma wannan ne ya fara sa na saki jiki da shi.

Inda ya fi burge ni shi ne batun ruwa da zafi, waɗanda a ganina su ne ainihin abin da baƙo yake biyan dillali ya sanar da shi a wannan gari. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma gidan da ya yi wa mutum kyau da hantsi a lokacin hunturu yana iya hana shi barci a bazara. A wani gida mai ɗaki uku da falo a Arkilla, sabon fenti, tayil har tsakar gida, na riga na fara raba ɗakuna a zuciyata, sai ya kira ni ɗakin da ke fuskantar yamma ya ce, "Yallaɓai, ɗora hannunka nan." Bayan la'asar ne, bangon kuwa ya ɗauki zafi kamar tanda. Ya ɗaga kai ya nuna mini yadda silin ya yi ƙasa, ya nuna cewa taga ɗaya ce a ɗakin, babu ta inda iska za ta shiga ta fita, babu kuma ko bishiyar dogon yaro guda a harabar. Daga nan ya buɗe famfon bayi, ya jira, bai ce komai ba har na gane da kaina cewa tankin da ke sama babu ruwa a cikinsa. Da muka fito ya tsayar da wani ɗan ga-ruwa da ke tura kurarsa a layin, suka gaisa, ya tambaye shi ko yana kai ruwa gidan. Yaron ya ce kullum yake kai wa mutanen da suka tashi. Mai gidan ya ce mana akwai rijiyar burtsatse, kuma gaskiya ne akwai ta, sai dai injinta ya daɗe da lalacewa. Dillalin da la'ada kawai ta dame shi da ya bar ni na ji wannan labari bayan na tare.

Haka ya yi a kowane gida. Yana duba ko mitar wuta ta kati ce ko ta haɗaka da maƙwabta, yana tambayar ko tsohon ɗan haya ya bar bashin wuta, yana leƙa rufin don ya ga ko zai ɗauki faifan sola. Ni da na zo da tunanin girman falo, na koma ina ƙirga tagogi.

Ta fuskar unguwanni, bayaninsa ya yi daidai da abin da idona ya gani. Gawon Nama tana kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, don haka ma'aikatan lafiya suna rububin gidajenta, haya kuma ba ta da sauƙi. Runjin Sambo da Gwiwa sun fi dacewa da mai matsakaicin albashi da yake son kasuwa da makarantar yara a kusa. Rukunin gidajen Bado ya fi shiru da tsari, amma wanda ba shi da abin hawa zai ji jiki. A Mabera, unguwa mai cike da jama'a da harkar kasuwanci, ya tsaya ya nuna mini wani layi mai duhu a jikin katangar maƙwabta, kusan tsayin gwiwa, alhali katangar gidan da muka zo dubawa an shafe ƙasanta da sabon fenti. Ya ce wasu sassan unguwar suna tara ruwa da damina, wasu kuma lafiya lau suke, saboda haka layi-layi ake tantancewa, ba a yanke wa unguwar hukunci gaba ɗaya. Irin wannan gargaɗin ya yi mini game da masu aiki a mazaunin jami'a na dindindin da ke Dundaye, waɗanda hanyarsu take ratsa fadamar kogin Rima, inda ambaliyar shekarar 2010 ta yanke gadar da ta haɗa jami'ar da gari.

Cikin tsohon gari kuwa, wajen Kanwuri da Hubbaren Shehu, wucewa kawai muka yi. Gidajen gado ne akasari, lunguna matsattsu, kuma ba kasafai baƙo mai iyali yake samun irin gidan da yake nema a can ba.

Ƙorafina na farko a kan hotuna ne. Waɗanda yaran ofishin suka turo mini ta WhatsApp kafin na taso tsofaffi ne, har akwai gidan da muka tarar da mutane a cikinsa sun yi watanni da tarewa. Wanda ya biya kuɗin mota daga wata jiha saboda hoto bai cancanci haka ba. Na biyu ya fi wannan nauyi. An ce mini la'ada kashi 10 cikin 100 ce ta hayar shekara, sai da na nuna sha'awar wani gida a Gwiwa sannan aka ambato kuɗin takardar yarjejeniya da kuɗin ajiya na gyara, waɗanda ba a faɗa ba da farko. Kuɗaɗen ba baƙin abu ba ne a harkar haya, amma kamata ya yi a rubuta su a takarda ɗaya tun ranar da aka karɓi kuɗin zagaye. Wani matashi a ofishin ya kuma matsa mini da waya cewa wani ya taya gidan, in hanzarta biya, alhali ya san takardata ba ta fito ba.

Da na kai maganar gaban dattijon, bai kare yaron ba. Ya ce, "Yallaɓai, kada ka biya shekara a kan aikin da ba ka riƙe takardarsa ba." Ya je ya sami mai gidan, suka daidaita cewa in ba da ɗan kafin alƙalami a riƙe mini gidan na wata guda, a rubuce, da shaidu biyu, tare da sharaɗin cewa idan canjin bai tabbata ba za a mayar mini da rabin kuɗin. Ya kuma sa aka ƙara cewa mai gida ne zai wanke tanki ya gyara magudanar ruwan ƙofar gida kafin ranar tarewa. Na sa hannu a kan wannan, kwafi ɗaya yana wurina, ɗaya yana wurin mai gidan.